Tsirkiya Saba'in da Takwas

Abu Rami ya shekara arba'in yana yankan sabulu a birnin Halab, har yatsunsa suka koma kamar itacen girki. Da waɗannan yatsun ne, yana da shekara sittin da bakwai, ya ce shi kiɗan kanun zai koya, wani faffaɗan abin kiɗa na katako mai tsirkiyoyi da yawa da ake ɗorawa a cinya.

Ba sha'awa ce ta kai shi ba. Matarsa Widad ce mantuwa ta cinye. Ta manta 'ya'yanta, ta manta hanyar madafa, shi kansa "bawan Allah" take ce masa. Amma ranar da aka sauko da kanun ɗin marigayi mahaifinta daga saman kabad, sai ta shafa tsirkiyoyin, ta rera waƙar da tsohon ya kaɗa musu ranar aurensu, ko baiti ba ta tsallake ba. Shi ke nan Abu Rami ya sa wa ransa in ya kaɗa mata ita, za ta gane shi.

Malama Lamis mai koyar da kanun, sa'ar autarsa, ta dubi hannunsa ta fashe da dariya.

"Baffa, da waɗannan? Ai gara ka nemi ganga."

"Waƙa ɗaya nake so, 'yata. Ɗaya tak."

"Kowa haka yake cewa. A nan ba a taɓa waƙa sai an iya saita tsirkiya. Saba'in da takwas ne. Bisimilla."

Wata huɗu yana murɗa mabuɗin saita tsirkiya. Katakon ya tsufa, kafin ya kai ta ƙarshe ta farko ta saki. Zobban kiɗan kuwa su yi ta zamewa daga yatsunsa, yana bin su ƙarƙashin kujera yana tsaki. A watannin nan Widad ta daina cin abinci sai an ba ta a baki. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya roƙi Lamis ta karya ƙa'ida. Ta koya masa rabin waƙar tana girgiza kai.

Wata Juma'a da hantsi ya zauna gaban Widad, ya ɗora kanun a cinya. Ya kaɗa, ya kuskure, ya sake. Sai ta ɗago kai, idonta tar a kansa. Murna ta kama shi.

"Bawan Allah," in ji ta, "wa ya ba ka kayan Babana? Ajiye! Bari mijina ya dawo, za ka gane kurenka."

Ya zare zobban, ya ajiye kanun ɗin a hankali.

"To, Hajiya. Bari mu jira shi tare."