Numfashin Akaza

Duk Zongon Kumasi ba wanda bai san Mumuni ba, in an samu to baƙo ne. Shi ne ya tako daga Salaga tun jirgin ƙasa bai iso ba. Kogin Yeji ya ci abokan tafiyarsa, shi ya tofar da shi. Babbar murar nan da ta share gidaje ta shiga ɗakinsa ta ɗauki matarsa da ɗansa, shi kuwa ta dube shi ta yi gaba. Mazan jiya haka muke, in ji shi, ciwo sai ya yi sallama. Abin da ya rage masa a duniya jaki ne, fari-fari, mai suna Akaza.

To, kurmi ba ƙasar jaki ba ce. Fatake da sun ɗaure goronsu sai su juya da dabbobinsu, don in ƙudan tsando ya ciji jaki a nan, ramewa zai yi ta yi har ya kwanta. Mumuni ya rantse nasa ba zai mutu ba. Ya raba ɗakinsa biyu, shi gefe, Akaza gefe, ya toshe taga da tsumma, ya riƙa tura hayaƙi. Ciyawar kurmi ma bai yarda da ita ba. Harawa yake nema wurin masu shanu, ya jibge a kusurwa yadda ake yi a arewa. Sai dai can rana ke gasa ta, nan kuwa ruwa ba ya ɗaukewa. Harawa ta yi fumfuna, bango ya yi, jinka ma ta yi.

Sai Akaza ya soma tari. Hanci na zuba, idanu suka kumbura, ƙuraje suka feso masa ruɗu-ruɗu a wuya kamar borin jini, haƙarƙari na bugawa kamar zugazugin maƙera. Mumuni ya ba shi kanwa, ya ba shi rubutu, ya rataya masa laya. Ya ce baki ne, mutane sun ga jaki ya shekara a kurmi sun kasa haƙuri. Ya ƙara toshe ƙofa.

Ran nan hadari ya yaye rabin jinkar, tilas ya ɗaure jakin a tsakar gida. Cikin 'yan kwanaki kumburi ya sace, tari ya lafa, har Akaza ya yi kukan da ya firgita kajin maƙwabta. Mumuni ya zagaya unguwa yana cewa layarsa ce ta ci. Aka gyara jinka, ya mai da shi ɗaki da hantsi. Kafin la'asar numfashi ya koma gidan jiya.

Balki mai koko, wadda ɗakinta ke kallon nasa, ta tsaya bakin ƙofa ta toshe hanci da gyale.

"Baba, ba baki ba ne. Ɗakinka ne ba ya so."

"Ɗakin da nake kwana? Ni me ya same ni?"

"Kai ai ko mura ta gwada ta bari."

Maganar ta yi masa daɗi, ta kuma soke shi. Ya kwashe harawa ya zubar, ya share, ya kashe hayaƙi, ya buɗe taga. Duk da haka da jakin ya sa kai ciki sai tari. Abin ya riga ya shiga bango. Ya fitar da shi, ya zauna kusa da shi da wutsiyar saniya yana korar ƙudaje tun safe, yana yi masa hirar hanyar Salaga, don ba wani mai sauraro. Hannu ya gaji, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Da ya buɗe ido ya ga tsando na shirin sauka a cinyar Akaza. Ya kai masa duka ya kuskure. Ciki shaƙewa, waje cizo.

Kassim madugu na shirin juyawa arewa da goro. Mumuni ya ja jakin har masaukinsa, ya ce ba sayarwa ba ce, amana ce. Kada a ɗora masa kaya mai nauyi, kada a kwantar da shi a ɗaki, a bar shi ya ci ciyawa a fili. Kassim ya ce to shi ma Baba ya biyo su mana. Mumuni ya ce ƙafarsa za ta iya Salaga sau biyu ba hutu, amma wa zai bar wa kaburburan iyalinsa?

Ya raka ayari har Tafo, hannunsa bisa wuyan Akaza. Nan ya miƙa igiya. Jakin ya shige cikin 'yan'uwansa, hanci a buɗe, bai ko waiwayo ba.

Da ya dawo, Balki ta tambaye shi ko sun tafi lafiya.

"Ni na sallame shi," in ji shi. "Dama ya cika ci."

Ta miƙo masa koko. Ya karɓa, ya zauna bakin ƙofa da ƙwaryar a hannu har ya huce, bai shiga ɗakin ba.