Ƙyallen da ke Jikin Bindiga ta Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da gidan tarihin garinmu, wanda a gaskiya fili ne da katanga da ɗaki guda. Na karanta tarihi a jami'a a Njamena, aka saka mini da mabuɗin ƙofa da kujera mai gurguwar ƙafa. Abin da muke nuna wa jama'a shi ne abin da yaƙi ya bari a cikin rairayi: manyan bindigogi masu jigida, irin waɗanda ake kafawa a bayan Toyota, kowace a kan kujerarta ta ƙarfe mai juyawa. Masu raƙuma su gano su, sojoji su jawo su, ni kuma in kashe su.

Kashe bindiga yana da ƙa'ida, a rubuce take. A buɗe marfin cikinta a tabbata babu harsashi. A liƙe kujerar da walda don kada ta ƙara juyawa. A cusa rodi a hancinta a liƙe. A liƙe marfin. Sai shugaban gida ya sa hannu. Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida bai taɓa ganin ƙarfen da ya shekara talatin da ɗoriya a cikin yashi ba. Marfin ba ya buɗuwa, tsatsa ta riga ta haɗe shi da jikin bindigar. Don haka nakan haska tocila ta hancin, in ga duhu, in rubuta cewa babu komai. Sau shida na yi haka, duhu bai taɓa ƙaryata ni ba.

Ta bakwai an kawo ta ran Laraba, har da gangar motar da take kai. Na sa aka ajiye ta a bakin ƙofa, hancinta yana duban waje, saboda ta fi kyau a hoto. A ƙetaren titi kuwa kasuwar dabino ce.

Washegari da hantsi Jimet ya zo da injinsa. Shi ne mai waldar garin, mutumin kudu ne daga Sarh, ya shekara ashirin a cikinmu yana zagin abincinmu. Ya liƙe kujerar tas, ya gwada rodin ya ga ya yi wa hancin kauri.

"Darakta, wannan rodin naka sai dai hancinka," in ji shi. "Bari in gama da marfin tukuna, a nemo wani."

"Yi yadda ka ga dama, ni dai na sa hannu."

Ya hau bayan motar ya kunna wuta. Ni kuma ina tsaye a inuwa ina ninke wani shuɗin ƙyalle da na kwance daga hannun bindigar. Yankin rawani ne, an ƙulla shi ƙulli uku. Na saba samun irinsa. Har takarda na taɓa rubutawa a kai, na ce laya ce ta mayaƙa don neman tsari, wani farfesa ya yaba mini.

Sai ga tsoho Wardugu ya ƙetaro daga kasuwa. Dabino yake sayarwa yanzu, amma kowa ya san a kan irin waɗannan bindigogi ya yi ƙuruciyarsa, a can ya baro yatsu biyu. Bai taɓa shigowa gidan tarihinmu ba. Ya ce ya ga isassu. Ran nan ma ƙarar injin ce ta hana shi ciniki, ya zo ya yi faɗa. Bai kai ga faɗan ba idonsa ya faɗa kan abin da ke hannuna.

"Ɗan boko, ina ka samo wannan?"

"A jikinta, Kawu. Laya ce."

"Ƙulli nawa?"

"Uku."

Bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen motar ya ce, "Kai mai wuta. Kashe. Kada ka buga komai, kada ka yi tsalle. Sauko kamar mai sauka daga kan ƙwai."

Jimet ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Baba, in dabinonka ne ba ya son ƙara..."

"Akwai harsashi a ƙarƙashin hannunka."

Ban taɓa ganin mutum mai nauyin Jimet ya sauko daga mota babu ko motsi ba. Wurin da ya fara liƙewa ya yi ja, tsawon ɗan yatsa, yana komawa baƙi a hankali.

Wardugu ya yi bayanin a gajarce, idonsa na kan ƙarfen. A rundunarsu, in aka kashe mutum a kan bindigarsa kuma aka rasa yadda za a ɗauke ta, sai abokin aikinsa ya ɗora masa harsashi ɗaya a ciki, ya yagi rawanin mamacin ya ƙulla a hannunta. Harsashin na mamaci ne, kada ya tafi hannu wofi. Ƙullin kuma gargaɗi ne ga nasu mutanen, kada wani ya taɓa.

"Ai ya mutu tuni," na ce. "Shekara talatin fa."

"Mutumin ya mutu," in ji shi. "Harsashi a rairayi ba ya ruɓewa. Zafin da wannan ya zuba mata yanzu yake tafiya ciki. Ko ya tashi, ko kada ya tashi. Juya ta sama."

Na dubi Jimet, Jimet ya dubi kujerar. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Bai taɓa yin walda mai kyau irin ta ranar ba.

Sai a lokacin na bi hancin bindigar da ido. Ya wuce ƙofa, ya ƙetare titi, ya tsaya daidai rumfar Hajiya Zenaba mai shayi, inda mutum kusan ashirin ke zaune kafaɗa da kafaɗa, bayansu kuma kasuwa ce cike maƙil. Harsashin irin wannan bindiga motoci aka yi shi dominsu.

"In kawo ruwa in zuba mata?" in ji Jimet, murya can ƙasa.

"Ka zuba wa uwarka. Ƙarfe mai zafi in ya ji ruwa motsawa yake. Babu mai taɓa ta." Wardugu ya nuna ni da hannunsa mai yatsu uku. "Kai, jeka ka tashe su. In ka ce bindiga, za su tattake juna, rabinsu kuma nan za su rugo kallo. Nemi wata ƙaryar. Ka iya ai."

Hanya mafi kusa ita ce ta gaban hancin. Na bi ta nesa, na zagaya, amma rumfar kanta ba ta zagayuwa, dole na shiga na tsaya a tsakiyarta. Tsakanin kafaɗuna ya riƙa yi mini sanyi, daidai faɗin tsabar kuɗi. Na ce musu jami'an lafiya na tafe da allurar rigakafi, kuma daga wannan rumfar za su fara. Kafin in rufe baki maza sun watse. Hajiya Zenaba kaɗai ta ƙi tashi.

"Bishara, tun kana yawo ba wando na san ka. Me ya sa leɓenka ke rawa?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta dubi ƙofarmu, ta dubi baƙin ramin da ke kallonta, ta ɗauki butarta ɗaya ta bar sauran. Ita ce ta kwashe matan layin baya na kasuwar, ban san abin da ta gaya musu ba.

Da na dawo na tarar Wardugu ya tara masu dako huɗu suna jera buhunan kanwa da na yashi a gaban hancin, suna turo su daga gefe. Na tambaye shi ko za su tare harsashin.

"Za su rage masa fushi," ya ce.

Muka koma bayan katanga muka zauna. Rana ta take. Ƙarfe in yana hucewa yakan yi 'yar ƙara, ƙas, ƙas, kowace ƙara sai na ji ta a haƙorana. Jimet yana ta addu'a da yarensu, yana ambaton sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Wani jaki ya zo ya tsaya a tsakiyar titi, daidai layin, babu wanda ya iya tashi ya kore shi. Aka kira azahar, babu wanda ya motsa.

Sai wajen la'asar Wardugu ya tashi ya ɗora bayan hannunsa a kan marfin. Ya sa aka kawo baƙin mai da zarto. Shi kaɗai ya hau, ya goge waldar Jimet da hannu, a hankali, ya jiƙa marfin da mai, ya yi ta lallaɓa shi fiye da awa guda. Da ya buɗe, ya zaro harsashin da yatsunsa uku. Ya fi tafin hannuna tsawo, yana ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi, gefe ɗaya kawai ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi.

Da bakina ya dawo, abin da ya fara fita shi ne, "Kawu, wannan zai yi kyau a cikin gilashi."

Ya karɓe ƙyallen daga hannuna, ya naɗe harsashin a ciki ya sa a aljihu. "Ba naka ba ne." Sannan ya ɗaga kai ya dubi cikin fili a karo na farko. Bindigogi shida a jere, an shafe su da koren fenti, hancinsu a toshe, marfinsu a liƙe. A inuwar ta uku wasu mata sun hura gawayi suna dafa shayi, kamar kullum, murhun yana jingine da ƙafar kujerar.

"Waɗancan fa? Akwai ƙyalle a jikinsu?"

Na shiga ɗaki na jawo aljihun tebur. Suna nan inda na adana su, kowane da 'yar takardarsa da rubutuna mai kyau. Huɗu ne. Na rubuta launi, na rubuta tsawo, na rubuta yawan ƙulli. Abin da ban rubuta ba shi ne daga wace bindiga na cire kowane.

Na fito na roƙi matan su ɗauke murhunsu, a hankali, kada su ja shi a ƙasa. Na kulle ƙofa da sarƙa, na zauna a kan gurguwar kujerata na fara rubuta wa birni cewa takardu shida da ke ɗauke da sa hannuna ƙarya ne. Sai da na sake shafin sau uku.