Darasi Daga Baranda

Saura kwana tara a yi jarrabawar fita daga sakandare Malama Desislava Koleva ta tashi da ƙuraje a ciki da baya. Shekara ashirin da huɗu tana koyar da ilimin halittu a garin Troyan, saboda haka ba ta buƙaci kowa ya gaya mata sunan abin ba. Ta tsaya gaban madubi ta ƙirga ƙuraje goma sha bakwai, sannan ta ƙirga kwanaki baya. Mako biyu cif da ta je bikin suna gidan ƙanwarta, ta wuni da jikar ƙanwar a cinya, yarinyar tana ta ɗan zazzaɓi.

Ta fito kicin inda mahaifiyarta Penka ke yanka kokwamba.

"Mama, ba kin ce na yi ƙarambau ina ƙarama ba?"

"Kin yi mana. Ina tuna ranar."

Desislava ta ɗaga rigarta. Tsohuwar ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, ta koma kan kokwambarta.

"To ƙanwarki Veselina ce ta yi ke nan. Ku biyun kullum kuka kuke yi, wa zai bambance?"

Likita ya zo da hantsi, ya tsaya daga bakin ƙofa ya rubuta farin maganin shafawa da ƙwayoyi, ya ce kada ta fita sai ƙurajen sun bushe duka. Ya ƙara da cewa a shekara arba'in da tara abin ba ya zuwa da sauƙi. Ta ce ta sani, tana koyar da shi duk watan Nuwamba.

Ɗalibai goma sha ɗaya ne suka zaɓi rubuta darasinta a jarrabawar, kuma babi uku suka rage ba a yi bitarsu ba: cututtuka masu yaɗuwa, aikin jijiyoyi, da gado. Shugaban makaranta ya ce kada ta damu, malamin wasanni zai riƙe ajin. Wannan ne ya sa ta damu. Kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da ita. A rana ta uku ta gwada koyarwa ta kwamfuta, duk suka kashe kyamarorinsu, ta yi minti arba'in tana magana da baƙin gilashi, tana jiyo wani daga cikinsu yana soya ƙwai. Da ta gama ta aika musu saƙo: gobe ƙarfe goma, a filin da ke bayan gidansu, kowa ya zo da littafi da abin zama.

Gidanta a hawa na biyu yake, barandarta tana kallon filin da ake shanya. Ta fito da rigar sanyi a watan Mayu, fuskarta duk ɗigon farin magani. Yaran suka ɗaga kai, babu wanda ya yi dariya, amma wasu sun ɗauki lokaci suna neman wani abu a jakunkunansu.

"Wa bai taɓa yin ƙarambau ba?"

Mutum biyu suka ɗaga hannu.

"Ku koma can wajen garejin. Sauran ma kada wanda ya wuce igiyar shanya. Kaloyan, mece ce ke damuna?"

Kaloyan dogo ne mai son zama matuƙin jirgi, ya shigo ajin ne don abokansa suna ciki.

"Ƙarambau, Malama."

"Me ke kawo shi?"

"Ƙwayar cuta."

"Wace iri? Maganin kashe bakteriya zai yi mata?"

"A'a, Malama, bairos ce."

"Kwana nawa take ɓoye kafin ta nuna?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu. Daga tagar kicin Penka ta leƙo ta ce, "Mako biyu, ɗan nan. Ka je gidan Veselina ka tambaya."

"Goma zuwa ashirin da ɗaya," in ji Desislava. "Ku rubuta nawa, ba nata ba."

Ranar aka gama babin cututtuka kafin azahar. Ta lura ba a taɓa fahimtar babin nan da sauri haka ba, ta kuma san ba ƙwarewarta ce ta jawo ba.

Washegari jijiyoyi. Ƙaiƙayin ya kai matuƙa, ta ɗaure hannuwanta a baya don kada ta yi susa gaban yara. Ta sa suka jeru tsakanin bishiyar goro da kwandon shara, kowa ya miƙa hannu amma kada ya taɓa na kusa da shi. Ta sauko musu da kwandon maƙalan shanya da igiya, bayan Penka ta zuba wa maƙalan ruwan zafi.

"Kowannenku jijiya ɗaya ce. Saƙo yana gudu cikin jikinku kamar lantarki, daga wannan hannu zuwa wancan. Amma jijiya ba ta taɓa 'yar'uwarta, akwai ɗan rata. To sai ta jefa sinadari ya tsallaka. Maƙalin nan shi ne sinadarin. Ivayla, ke ce ƙafa, kin taka ƙusa. Fara."

Ivayla yarinya ce mai ƙoƙari wadda ke rikicewa da zarar an kira sunanta. Ta jefa maƙalin ya wuce mutum uku ya faɗa cikin lambun maƙwabci.

"Wannan majiyyacin," in ji Desislava, "har yanzu yana tsaye kan ƙusar. A sake."

A karo na shida saƙon ya kai ƙwaƙwalwa, wato wani yaro mai ƙiba da ke jingine da kwandon shara, ya dawo ƙafa cikin daƙiƙa goma sha huɗu. A lokacin tagogi biyar na gidan a buɗe suke. Matar hawa na uku ta tafa.

Lambun da maƙalin ya faɗa na Kawu Metodi ne, tsohon kafinta ɗan shekara saba'in da ɗaya, kakan Kaloyan ta wajen uwa. Ranar bitar gado ya fito da kujerarsa ya zauna a bayan aji, ya ce shi iska yake sha.

Desislava ta zana haruffa da babban alƙalami a bayan kwalin takalmi ta rataya a baranda. Ta yi bayanin abin da ake gada ta wajen uwa wanda ya fi bayyana a maza, irin rashin bambance ja da kore. Ta ce uba mai shi yakan ba 'yarsa, ita ba za a gani a jikinta ba, sai ta ba ɗanta.

Kaloyan ya ɗaga hannu, abin da bai saba ba.

"Malama, wancan watan likitan ido ya ce ina da shi. Ya ce in manta da jirgi."

Ba ta san wannan ba. Ta dubi yaron, ta ga ya faɗe shi ne kamar mai karanta adireshi, ta gane ya daɗe yana maimaita shi shi kaɗai. Ƙaiƙayin ya ɗauke mata na ɗan lokaci.

"Babanka yana da shi?"

"A'a."

"Ko yana da shi ma ba daga gare shi ba ne. To daga ina?"

Mutum goma sha ɗaya suka duba kwalin takalmin, sannan suka juya gaba ɗaya suka kalli Kawu Metodi.

"Me kuke kallona? Ni idona garau. Shekara hamsin ina aikin katako."

Tagar hawa na ƙasa ta buɗe, matarsa Inna Stanka ta leƙo da ludayi a hannu.

"Metodi, wa ke tsinko tumatir a gidan nan?"

"Ke mana. Kin ce kina son aikin."

"Ina son aikin! Da wannan bayan nawa? Shekarar da muka yi aure ka cika min bokiti biyu da ɗanye shar, kana ta murna. Tun ranar na hana ka."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ka yi me? Ka sayo sabon ido? Garejin nan kuma da ka ce ka yi masa kore, je ka tambayi yaran."

Kowa ya juya ya dubi garejin. Launin hanta ne.

Kawu Metodi ya daɗe yana kallonsa shi ma. Sannan ya dubi jikansa.

"Ke nan ni na hana ka jirgin?"

"Ba da gangan ba, Kaka."

"Malama, yana da magani?"

"Babu, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya jawo kujerarsa kusa da ta yaron, ya karɓi littafinsa ya ce a nuna masa wanne harafi ne shi a ciki. Kaloyan ya nuna masa, ya nuna mahaifiyarsa, ya nuna kansa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Desislava ta bar su suka gama kafin ta ci gaba.

Ƙurajen suka bushe kwana biyu bayan jarrabawar, suka bar mata tabo uku a goshi. Da sakamako ya fito a watan Yuni, goma sun ci. Kaloyan ya sami makin da ya fi na kowane darasi da ya taɓa yi, ya nemi makarantar gyaran injinan jirgi a birnin Sofia, suka ce za su duba batun idon su sanar da shi.

Ivayla ce ta faɗi. Ta san amsoshin, amma ta tsallake layi ɗaya a takardar amsa, duk abin da ya biyo baya ya zauna a gurbin da ba nasa ba. Ta zo gidan da kanta a farkon Yuli, ta tsaya bakin ƙofa idanunta a kumbure, ta ce za ta sake rubutawa a Agusta. Desislava ta ce ta shigo. A kicin Penka ta tura wa yarinyar kwanon barkono ta ce hannu ba ya hana baki magana, ta cire 'ya'yan tana amsawa.

Desislava ta buɗe littafin a shafi na farko, ta ɗora rula a ƙarƙashin tambaya ta ɗaya.

"Layi ɗaya, amsa ɗaya, sannan ki saukar da wannan. Karanta min."