Satin Gwaji a Ƙofar Tasha

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana raba jarida a ƙofar tashar jirgin ƙasa. Sunan jaridar Sammako, kyauta ake bayar da ita, Litinin zuwa Juma'a. Kamfani ya ba shi jar riga mai tambari a baya, don haka duk tashar, daga mai yankan tikiti har mai shara, Jar Riga suke ce masa. A gida kuwa Yaya ne, domin shi ne babba a ɗakinsu.

Aikin ba wuya a ido. Mota ta sauke ƙunshi goma sha biyu da ƙarfe biyar da rabi na safe, ya yanke igiya, ya ɗora jarida a hannun hagu, ya miƙa da dama. Amma yana da iliminsa a kai, kuma yakan koya wa duk wanda ya tsaya. Ba a kallon fuskar mutum, hannunsa ake kallo. Hannun da yake reto ba komai a cikinsa, shi ake sa wa jarida, mai hannun sai ya yi taku uku kafin ya gane ya karɓa. A shekarun farko, kafin ƙarfe takwas ya gama, ya kaɗe hannu ya tafi shan shayi.

A shekara ta bakwai wata jaridar kyauta ta fito, Ƙiftawa, masu koriyar riga. Lokacin mijin ƙanwarsa yana zaune a gida, an rufe shagon gyaran agogon da yake aiki. Jar Riga da kansa ya kai shi ofishin Ƙiftawa, ya tsaya a waje saboda rigarsa. Aka ɗauki mutumin, aka kuma turo shi ƙofar tashar nan, taku shida daga inda Jar Riga yake tsayawa. Dogon mutum ne marar yawan magana, 'yan tasha ba su wahalar da kansu ba suka sa masa Dogo.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Ya yaran?"

Iyakar hirarsu ke nan kowace safiya. Daga nan kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, a shiga farautar hannaye. Ranar Asabar kuma su haɗu a gidan tsohuwa, mahaifiyar su Jar Riga, su ci abinci a kwano ɗaya, ba mai ta da maganar jarida.

Sannu a hankali hannaye suka cika. Waya a dama, jaka ko kofin shayi a hagu, kunne kuma a toshe. Jar Riga ya koyi sa wa mutane jarida a hammata, wasu su tafi da ita, wasu su ɗaga kafaɗa ta faɗi. Ita ma jaridar ta fara rama. Daga shafi talatin da biyu ta koma ashirin da huɗu, ta koma goma sha shida. Shafin wasanni da na girke-girke suka koma zaman gida ɗaya. Masu talla, in ji direban motar kamfani, duk sun bi mutane cikin waya.

Wata rana ya kawo kwafi ɗaya gida, babbar 'yarsa ta duba shafin farko.

"Baba, ai wannan labarin tun jiya da rana na gan shi."

"To yau ga shi a takarda," ya ce. "Ya tabbata."

A farkon shekara ta goma sha biyu Manaja ta tara masu rabo a sito, ja da kore gaba ɗaya, tsakanin tarin jaridun da aka dawo da su. Mace ce mai tabarau, ba ta zama idan tana magana. Ta ce tana da albishir: Sammako da Ƙiftawa sun zama abu ɗaya. Jarida ɗaya, mota ɗaya, sabuwar riga mai ruwan ƙasa. Wani daga baya ya ce abin da ake samu ke nan idan aka cakuɗa ja da kore. Manaja ba ta yi dariya ba. Ta ce daga wata mai zuwa kowace ƙofa mutum ɗaya za ta ɗauka. Inda akwai biyu, za a ba su sati guda, kowa ƙunshi shida kullum, wanda ragowarsa ta fi zama kaɗan shi zai zauna.

"Wanda bai zauna ba fa?" wani ya tambaya.

"Za mu ba shi takardar yabo," in ji ta.

Ranar Lahadi da la'asar ƙanwarsa ta zo gidansa. Ta zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, ba ta ajiye jakarta ba. Ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi karatun yara, ta yaba sabon labule.

"Yaya, ni fa ba roƙo na zo yi ba."

"Na sani."

"Shi ma bai san na zo ba. Ka san halinsa. Lokacin da aka rufe shagon agogon nan, wata takwas yana zaune a tsakar gida yana kwance rediyo yana mayarwa. Rediyon lafiyarsa ƙalau." Ta miƙe tsaye. "Shi ke nan, dama gaisuwa ce ta kawo ni."

Da ta fita, matarsa ta leƙo daga kicin tana goge hannu.

"Ta zo roƙo," ta ce.

"Na ji."

"To me za ka yi?"

"Gwiwata ma tana damuna."

"Jiya da kai aka hau bene hawa huɗu da katifa."

"Yau ta fara."

Matar ta dube shi, ta koma kicin. Ta san idan ya fara irin wannan amsa, an gama magana.

Litinin ya zo kan lokaci, ya yanke igiya, ya ɗora jarida a hannu, ya tsaya kamar mai jiran wani. Hannaye suna wucewa, wasu ma wayam, ya kau da kai. Abin ya fi masa wuya fiye da yadda ya zata. Sau biyu hannunsa ya miƙa jarida ba da saninsa ba, mutum ya riga ya karɓa ya wuce. Daga baya sai ya sa hannun dama a aljihu. Wani tsohon malamin makaranta da ya saba karɓa kullum ya tsaya gabansa yana jira.

"Yau ba a bayarwa ne?"

"Ga ta can wajen Dogo, iri ɗaya ce."

Dogo ya ji. Ya ba malamin jarida, ya dubi hannun Jar Riga da ke cikin aljihu.

Talata Dogo ya zo, ya yanke igiyar ƙunshi ɗaya kawai, ya zauna a kan sauran biyar.

Jar Riga ya haƙura har ƙarfe bakwai, sannan ya taka taku shidan nan, karo na farko cikin shekara huɗu.

"Tashi ka yi aiki."

"Ina yi, Yaya."

"A zaune?"

"Bayana ne."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya." Dogo ya gyara zama. "Kai ka kai ni aikin nan. Ba zan zauna a ƙofarka kai kana gida ba. Me zan ce wa tsohuwa ranar Asabar?"

"Ni zan yi mata bayani."

"Ai ni za ta kalla."

Jar Riga ya koma wurinsa. Ya yi tunani kaɗan, shi ma ya zauna a kan nasa ƙunshin.

Haka suka ƙare satin, manya biyu zaune a kan jarida, taku shida tsakaninsu, jama'a suna ratsawa ta tsakiya. Wanda yake so ƙwarai sai ya sunkuya ya zara da kansa, su ɗan ɗaga ƙafa su ba shi hanya. Mai shara ya ce tunda yake a tashar bai taɓa samun sauƙin aiki irin na satin ba.

Ranar Juma'a Manaja ta zo da kanta, ta dubi ragowar kowa, ta duba takardarta, ta sake duban ragowa.

"Kun yi kunnen doki," ta ce. "A duk ƙofofinmu arba'in babu inda aka raba kaɗan kamar nan. Kuma 'yar jaridar da ta fita ma, an ce mutane da kansu suke ɗauka."

Ba wanda ya musa.

"To kun ga, kun koya mana wani abu."

Sati biyu bayan haka aka kawo akwatin ƙarfe mai buɗaɗɗen gaba, aka ɗaure shi da sarƙa a jikin ginshiƙi, daidai tsakiyar wuraren tsayuwarsu. Su biyun aka ba su takardar yabo. Ta Dogo an yi kuskure a shekarun aikinsa, an ƙara masa biyu. Ranar Asabar tsohuwa ta saurari labarin daga farko har ƙarshe, ta dubi ɗanta, ta dubi surukinta.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. "Amma da kun tambaye ni."

Akwatin ya yi abin mamaki. Kullum kafin shida da rabi babu ko kwafi ɗaya a ciki. Kamfani ya buga hotonsa a shafin farko, aka ƙara masa ƙunshi uku, su ma suka tafi. Wata biyu ana murna. Sai mai shagon katifa, wanda shi kaɗai ya rage yana sayen shafin baya gaba ɗaya, ya kira masu fenti su gyara masa shago. Ya shigo da safe ya tarar an shimfiɗe ƙasa da jarida daga ƙofa har bango, duk ta ranar, fuskarsa ta jikin tallar tana murmushi a wuri ɗari biyu, da sawun takalmi a kai. Ya tambaya a ina suka samu. Suka ce a tasha, kyauta, kuma gara a yi sammako domin mai shagon gilashi yakan zo da amalanke.

Manaja ta kira Jar Riga a waya da yamma, yana gyaran famfon kicin.

"Muna bukatar mutum a ƙofar nan."

"Ya raba?"

"A'a. Ya hana. Kowa kwafi ɗaya."

Jar Riga ya ajiye sifana. A lokacin ya riga ya samu aiki a siton wani kamfanin kwali a ƙarshen layin jirgi, zai fara ranar Litinin, maƙwabcinsu ne ya yi masa hanya. Ya ce mata yana da mutum, dogo ne, ana ganinsa daga nesa, kuma ya ƙware a tsare jarida, ita ma shaida ce. Ta ce ya turo shi. A wannan karon bai nemi shawarar Dogo ba. Tsohuwa ya gaya wa, ita ta aika a kira shi, maganar ba ta kai minti biyar ba.

Litinin Jar Riga ya zo tashar cikin farar riga, da abincin rana a jaka, ya bi layin tikiti kamar kowa. Mai yankan tikiti bai gane shi ba sai da ya yi magana. Dogo yana tsaye gefen akwati cikin riga mai ruwan ƙasa, hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba. Can gefe mai gilashi ya jingina da amalankensa babu komai a ciki, yana kallon jirgi.

Jar Riga ya ɗauki kwafi ɗaya, ya sake miƙa hannu.

"Ɗaya ce ƙa'ida, Yaya."

"Ta yayarka ce, tana son shafin girki."

"Ta zo da kanta."

Jar Riga ya dube shi. Dogo bai ƙifta ba. Ya mayar da ta biyun, ya gyara mata zama a akwati, ya shiga jirgi. Ya samu kujera kusa da taga, ya buɗe jaridar. Shafi goma sha biyu ce yanzu. Ya karanta ta tas, har tallar katifa, ya gama saura tasha biyar ya sauka.