Tagar Da Na Liƙe

Ni na liƙe tagar nan da hannuna, ba wanda ya sa ni.

A ƙauyenmu, da Oktoba ta kama kowa ya san aikinsa. Na jera itace a rumfa, na kwashe dankali zuwa ɗakin ƙasa, na tsiyaye famfon waje kada ruwa ya daskare ya fasa bututu, na naɗe gindin itatuwan tuffa da raga saboda zomaye. Saura tagogi. Kowace sai an ɗora mata ta biyu daga ciki, a cusa auduga a tsagu, a bi da takarda da ƙullun fulawa. In an liƙe kuwa, sai Mayu.

Mahaifiyata Impi ta shekara biyu a kwance, gadonta a jikin taga. Ta wannan tagar take hira da aminiyarta, Gwaggo Hilja, kullum da hantsi. Hilja ba ta shiga gidanmu. Shekara talatin da suka wuce babana Toivo ya ce burodinta ya fi dutsen wasa wuƙa tauri, a gaban mutane, ita kuma ta rantse ba za ta sake taka ƙofarsa ba. Baba ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa, rantsuwa tana nan da ranta. Sai dai ta tsaya a waje da sandarta, a miƙa mata kofi ta taga, su yi ta gulmar duk wanda ya wuce.

Da na shigo da kwanon ƙullu Inna ta ce, "Sirkka, bar mini wannan."

"Inna, bara da na bar miki, wa ya yi wata guda yana tari?"

"Tarina ne ko naki?"

"Ni na yi jinya."

Daga waje Hilja ta leƙo. "Ke yarinya, kin girma kin zama ubanki sak. Har hancin."

"Gwaggo, ƙofa a buɗe take. Taku biyar ne."

"Ƙofar Toivo? Sai dai gawata."

"Toivo ya mutu!"

"Ya ba ni haƙuri kafin ya mutun?"

Inna ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa raina ya ɓaci. A tunanina dabara na yi: in taga ta rufu, dole tsohuwar ta karya rantsuwa ta shigo, su zauna cikin ɗumi kamar mutane. Na ɗora taga ta biyu, na cusa auduga, na shafa ƙullu har sau biyu don kada iska ta sami ko hanyar allura. Inna ta juya fuskarta bango.

Ashe ban san Hilja ba. Washegari ta zo ta tsaya inda ta saba, tana magana, bakinta yana motsi, ba abin da ke ratsa gilashi biyu. Inna ga kunne ya yi nauyi. Suka koma ɗaga wa juna hannu. Da sanyi ya yi tsanani ƙanƙara ta rufe gilashin waje, sai Hilja ta riƙa kankare ɗan wuri da safar hannunta ta liƙa ido. Kullum tana zuwa, ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ɗaki ya yi ɗumi, Inna ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, amma ta daina tambayar labarin kowa.

Sau biyu ina ɗauko wuƙa in yanke takardar, sai in ce a bari sanyi ya ɗan sassauta. Gaskiyar magana, kunyar Hilja ta ga na sauko ce ta hana ni.

Ran sha tara ga Fabrairu na kawo wa Inna kunun safe, na tarar rai ya yi halinsa. Ina zaune a bakin gado na rasa abin yi, sai na ji ana buga gilashi da sanda. Idon Hilja ne a ɗan ramin nan. Ta ga abin da na gani. Ta yi mini nuni da hannu in buɗe, don a wurinmu in mutum ya cika ana buɗe masa taga ransa ya sami hanyar fita.

Ƙullun ya kama kamar siminti. Na yi ta yanka ina kuka, auduga tana zubowa a kan bargon Inna, har na ciro ta ciki, na tura ta waje da kafaɗa. Sanyi ya faɗo ɗakin.

Hilja ba ta ko dube ni ba. Ta jingina da bakin tagar kamar kullum, ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Impi, wata huɗu nake tara miki labari. Bari in fara da matar limamin coci."

Na tashi na ɗora mata kofi, na miƙa ta taga. Ta karɓa, ta ci gaba da magana.