Talatin da Biyu

Fuloti arba'in kawai ruwan kanal ke kaiwa a wancan rani. Mu kuwa a ƙungiyar manoman rani ta gefen Bakura mutum ɗari da ashirin ne. Kowace shekara wajen rabo sai an yi faɗa. Shi ya sa Baba Sambo, shugabanmu, ya yanke cewa kwamfuta ta jera sunaye daga A, arba'in na farko su noma bana, baɗi a ɗora daga inda aka tsaya. Babu hannun kowa.

Ni na buga sunayen, don ni kaɗai na koyi kwamfuta a Talata Mafara bayan sakandare. Na ƙirga da kaina. Innata Habiba ta faɗo ta talatin da bakwai. Tun da dam ya cinye gonar babana a Maradun ba ta sake shuka ƙasar da za ta kira tata ba. Da na faɗa mata, a ranar ta fiddo irin shinkafarta ta shanya.

Safiyar rabo a ofishin ƙungiya Malam Falalu, sakatare, ya miƙo mini takardar da ya buga. Inna ta koma ta arba'in da shida. A sama akwai mutum tara: Sanusi ƙanensa, Yaya surukinsa, da ire-irensu.

Na ce, "Malam, yaushe S ta riga A?"

"Na'ura ta jera, Sallau. Tana da nata lissafi."

Gaskiya ya faɗa, lissafin ne bai san na sani ba. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A sittin da biyar ce a wurinta, B sittin da shida, haka har Z, casa'in. Ƙaramar lamba ke hawa sama. Na tada janareto, na kunna kwamfutar, na kai ɗan layin nan mai ƙiftawa gaban sunan Sanusi, na matsa shi baya. Ya yi taku ɗaya a inda babu komai. Wani ya danna dogon maɓallin da ke raba kalmomi. Ido ba ya ganin wannan gurbi, amma shi ma yana da lamba: talatin da biyu.

Malam Falalu ya tura ƙofa ya rage murya.

"Ɗana, mi kaka so? Danna wa tsohuwarka guda, ta hau sama, kowa ya huta."

"Ba ta buƙata. Wurinta ne."

"Kujerar ga da kaka zaune, wa ya ba ka ita?"

Na buɗe ƙofa na kira Baba Sambo da duk wanda ɗakin zai ɗauka.

Yawancinsu ajami suke karantawa, boko bai dame su ba. Na ce su kalli layin kawai. A sunan Audu, wanda ba a taɓa ba, ya tsaya cik. A sunan Sanusi ya taka.

Baba Sambo ya sunkuyo har gemunsa na taɓa gilashi. "Wanga taku, na mine ne?"

"Na wofi ne, Baba. Amma na'ura na ƙirga shi, kuma ya fi kowane harafi ƙanƙanta."

"Ashe wofi ma na da gona," in ji wani daga baya. Aka yi dariya, ban da mutum tara.

Falalu ya ce, "Yaro ne, ya lalata na'ura."

Na ce, "To a duba."

Na goge gurbin nan ɗaya bayan ɗaya, sau tara, na sa ta sake jerawa. Sanusi ya gangara can ƙasa. Baba Sambo ya sa yatsa ya ƙirga da ƙarfi, ya tsaya a talatin da bakwai, kan sunan Inna.

Da la'asar Falalu ya karɓe makullin ofis daga hannuna. Ban roƙe shi ba. Washegari na ɗauki fartanya na bi Inna bakin kanal.