Abayar Aiki

Tun da hantsi Goggo Mastura ta yi wanka, ta zizara kwalli, ta turara sabuwar abayarta. Othman ya dawo Jidda, maraya ɗan ƙanenta da ta yi renonsa da tsintar gwangwani a bololin unguwar Bani Malik, kuma ya ce zai ɗauke ta a bidiyo.

Ya daɗe a Turai yana tsara opera, wasan nan da ake rerawa da waƙa daga farko har ƙarshe. An tafa masa a Vienna, an tafa masa a Milan, kai ya kumbura. Yanzu sabon wasa yake shiryawa a kan talauci, yana so a haska Goggo a bangon dandamali yayin da mawaƙiya ke kuka.

Yana ganinta ya yatsine fuska.

"La, la, a'a, ya Goggo. Ina abayar aiki?"

"Wannan ce ta fita, ɗana. Ka ce manyan mutane za su gani."

"Shi ya sa. Gaskiya suke so."

"Yaya, Goggo ta bar tsinta tun bara," in ji ƙanwarsa Zubaidatu. "Ka bar ta ta fito da mutuncinta mana."

"Ke ba ki san sana'ar ba. Yalla, mu je."

Goggo ta shiga ɗaki ta canza. Amma tsohuwar abayar ma wankakkiya ce, gogaggiya, domin Goggo ba ta taɓa zama ƙazama ba. Wannan bai yi wa babban darakta ba. A bakin bola ya ɗaure hannunsa da leda, ya ɗebo ruwan ruɓaɓɓen kifi da ke tsiyaya daga gindin durom, ya yayyafa mata daga kafaɗa zuwa gwiwa. Zubaidatu ta kawar da kai, ba kuma don warin ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

"Ƙara sunkuyawa. Zura hannu ciki sosai. Kada ki yi murmushi!"

Tsohuwa ta sunkuya, ƙudaje suka yanyame ta. Maƙwabta suka leƙo, suka koma da kunya. Ta ɗago, ya ce ta sake, ta sake.

"Halas, ya isa!" Ya duba 'yar kyamararsa, har da ƙwalla a idonsa. "Wallahi za su yi kuka a Vienna. Ku zo in kai ku unguwar Ruwais mu ci abinci."

Goggo ta washe baki, ta kama marfin motar hayarsa. Othman ya dubi fararen kujerun, ya dubi abayar.

"Zubaida, babu tsohuwar jarida a gida? A shimfiɗa mata."

Goggo ta saki marfin a hankali.

"Ku je kawai, ɗana, ni na ƙoshi."

Sannan ta lalubo gefen abayar da bai jiƙe ba, ta goge masa wurin da ta taɓa.